Duwatsun Morrison: Me Ya Tara Ƙasusuwan Dainoso a Can?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya kamar haka: "Duk inda na karanta labarin dabbobin dainoso sai na ga an ce daga Morrison da ke Amurka aka tono su. Shin wani tsauni ne, ko kuwa maƙabartar dabbobin ce? Me ya sa ƙasusuwan suka taru a can? Kuma yaya aka yi aka san sun kai shekara miliyan 150, alhali babu wanda ya gani da idonsa?"

Malam, na gode da wannan tambaya. Abu uku ka tambaya, amma amsarsu duka a wuri ɗaya take, wato a cikin dutsen da ke riƙe da ƙasusuwan. Jama'a ƙashi suke sha'awa, shi ake ɗauka hoto, shi ake kafawa a gidan tarihi. Mu da ke aikin duwatsu mun fi zura ido kan abin da ke manne a jikin ƙashin, domin shi ke faɗin inda dabbar ta mutu, da abin da ya binne ta, da lokacin da hakan ya faru.

Morrison dai sunan wata shimfiɗa ce ta duwatsu. Masu ilimin ƙasa idan suka ga rukunin duwatsu masu kamanni ɗaya, waɗanda za a iya bambanta su da na samansu da na ƙasansu, a kuma bi su a zana su a taswira, sai su raɗa musu suna, yawanci sunan garin da ke kusa da inda aka fara siffanta su. Wannan ta ci sunan wani ɗan ƙaramin gari da ke yamma da birnin Denver a jihar Kolorado. Amma ta wuce garin nesa ba kusa ba. Faɗinta ya kai kusan murabba'in kilomita miliyan 1.5, daga Montana a arewa har New Mexico da Arizona a kudu, ta ratsa Wayomin da Yuta da Kolorado, ta kutsa ƙarƙashin filayen Dakota da Nebraska da Kansas. Galibinta binne take a ƙarƙashin wasu duwatsun da suka zo bayanta. Ɗan abin da ake gani a fili shi ne inda kogi ya zaftare ƙasa, ko inda tsauni ya taso ya turo ta waje. Shekarunta kuwa tsakanin kimanin miliyan 155 zuwa miliyan 148 ne, ƙarshen zamanin da ake kira Jurasik.

Idan ka tsaya gabanta a wuri irin gabashin Yuta, abin da za ka fara gani tuddai ne masu zane-zane a kwance, toka-toka da kore-kore da ja da shuni, ba ciyawar kirki a kansu. Ka tsuguna ka damƙi ƙasar, sai ta marmashe a hannunka, saman ya tsattsage ya yi gudaji-gudaji. Wannan laka ce da asalinta tokar duwatsu masu aman wuta ce, kuma halinta shi ne idan ta sha ruwa ta kumbura ta yi santsi, idan ta bushe ta motse. Ranar da aka yi ruwa a irin wannan wuri, mota ko mai ƙarfi ce sai dai ta jira ƙasa ta tsane. A tsakanin lakar za ka ga guntayen dutsen yashi sun leƙo, masu tauri, wasu da tsakuwa a gindinsu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan tsohon cikin kogi ne. Ka riƙe wannan laka da wannan yashi a ranka, domin duk bayanin da ke tafe a kansu yake.

A wancan zamani babu tsaunukan Roki kamar yadda muka san su. Kafin Morrison, wani teku marar zurfi da ake kira Sundance ya shigo tsakiyar nahiyar daga arewa, daga baya ya ja da baya ya bar shimfiɗaɗɗen fili. Can yamma da kudu maso yamma akwai tuddai da duwatsu masu aman wuta. Koguna na gangarowa daga tuddan suna nufar gabas da arewa maso gabas, ɗauke da yashi da laka, iska kuma na kawo toka tana yayyafawa. Fadama ce mai girman gaske, da tafkuna da kududdufai nan da can, har da wani babban tafki mai kanwa a yankin da jihohin Yuta da Kolorado da Arizona da New Mexico suka haɗa iyaka a yau. Yanayin mai zafi ne, damina da rani a rarrabe, kuma rani yakan yi tsanani. Tsohuwar ƙasar da ta zama dutse ita ta nuna haka, domin akwai dunƙulen farar ƙasa a cikinta irin wanda ke taruwa a inda ruwa ke ƙafewa da sauri. Ciyawa ba ta bayyana ba tukuna, haka ma itatuwa masu fure. Dogayen itatuwa masu ganye kamar allura ne a gaɓar koguna, da tsirrai marasa fure a ƙasa. A cikin ruwan akwai kunkuru da kwaɗi da dangin kada, akwai kuma dangin gaiwa, waɗanda haƙoransu na nan ana tsinta.

To, me ya sa ƙashi ya tsira a nan? Ka tuna cewa ƙa'idar duniya ita ce gawa ta lalace. Dabba in ta mutu a fili, masu cin mushe su yayyaga ta, rana ta tsattsaga ƙashin, wasu dabbobin su tattaka, cikin 'yan shekaru babu ko alama. Sai wadda aka binne da wuri ce ke da rabon tsira, kuma babu mai binnewa da sauri kamar kogin da ya yi ambaliya. A rana ɗaya yana iya jibga yashin da zai rufe ƙashin cinyar da ya fi mutum tsawo.

Binnewa kaɗai ba ta isa ba, kuma nan ne mutane da yawa ke tsayawa. Kogin da ya binne bana yana iya tonewa baɗi. Abin da ya ceci Morrison shi ne ƙasar yankin tana lotsawa sannu a hankali, saboda motsin ɓawon ƙasa da ke tayar da tuddai a yamma. Tana lotsawa, koguna na cike gurbin, don haka abin da aka binne sai ƙara nisa yake yi da sama. Haka aka yi ta yi shekaru miliyoyi, har kaurin shimfiɗar ya haura mita 200 a wasu wurare. Daga baya wani tekun ya sake shigowa ya ɗora nasa taɓon a kai. A can ƙasa, ruwan da ke tsattsafowa cikin yashi yana ɗauke da ma'adinai narkakku, suna shiga ƙananan ƙofofin da ke cikin ƙashi suna daskarewa. Shi ya sa ƙashin dainoso ke da nauyin dutse, launinsa baƙi ko ƙasa-ƙasa, amma idan ka duba inda ya karye da madubin ƙara girma sai ka ga ramukan ƙashi a jere yadda suke tun dabbar tana numfashi. Cikin ma'adinan da suka shiga har da yuraniyom, wanda Morrison ke da shi da yawa, an kuma haƙe shi sosai a Kolorado da Yuta da New Mexico bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wasu ƙasusuwan sun sha shi har na'urar auna tururin nukiliya na jin su. An taɓa gano kan wani Allosaurus, dainoso mai cin nama, da ya ɓuya cikin dutse ta wannan hanya, bayan an riga an tono gangar jikinsa babu kai.

Saura fitowa. Abin da ke binne kilomita guda a ƙasa ba ya amfanar kowa. Tsakanin kimanin shekara miliyan 80 zuwa 50 da suka wuce tsaunukan Roki suka taso, suka lanƙwasa duwatsun da a da suke kwance. Ka ɗauka tabarmi ne aka jibga ɗaya kan ɗaya, wani ya sa hannu a ƙasa ya ɗaga gefe guda, sai bakin kowace tabarma ya fito fili har ta can ƙasa. Ruwa da iska suka yi ta zaizayar bakunan. Kuma yammacin Amurka a yau busasshen wuri ne, babu dajin da zai rufe ƙasa, don haka ƙashin da ya leƙo ido na iya ganinsa. Ba a rasa dainoso a sauran sassan duniya na wancan zamani ba. Abin da aka rasa a wurare da yawa shi ne haɗuwar waɗannan abubuwa: ko ba a binne ba, ko an binne ya zaizaye tuntuni, ko yana nan ƙasa bai fito ba, ko ya fito daji ya lulluɓe shi.

Wurin da ya fi nuna wannan ƙarara shi ne ma'adanar Carnegie, wani ramin tonon ƙasusuwa kusa da garin Jensen a Yuta. Ranar 17 ga Agusta 1909, Earl Douglass, ma'aikacin gidan tarihi na Carnegie da ke Pittsburgh, ya hango ƙasusuwan jela guda takwas na Apatosaurus, wani ƙaton dainoso mai dogon wuya, a jere a jikin wani tudun dutsen yashi. Ya shafe shekaru fiye da goma yana tono a wurin, an kuma yi jigilar tan ɗaruruwa na ƙashi da dutse zuwa Pittsburgh. A 1915 shugaba Woodrow Wilson ya ayyana wurin a matsayin wurin tarihi na ƙasa. Douglass ya so a bar wani ɓangare a yadda yake don mutane su gani, kuma daga baya hakan aka yi: an sassaƙe dutsen har ƙasusuwa kimanin 1,500 suka fito, aka bar su a manne, aka gina rumfa a kai, aka buɗe ta a 1958. Bangon a karkace yake sosai, kusan a tsaye, alhali asalinsa cikin kogi ne a kwance.

Wanda ya iya karatun dutse idan ya tsaya gaban bangon nan yana ganin abubuwa da dama. Yashin mai kauri ne da tsakuwa, alamar ruwa mai ƙarfi. Akwai ƙwanson makankari na ruwan daɗi birjik, alamar kogi ne mai ruwa, ba teku ba. Dogayen ƙasusuwa da yawa sun kwanta sun bi hanyar da ruwa ke gudu. Wasu gaɓoɓin a haɗe suke, wuya ko jela sukutum, ma'ana an binne su tun jijiya na riƙe da su. Wasu kuwa a warwatse suke, sun jima a fili kafin ruwa ya kwaso su. Bayanin da ya fi dacewa da duk wannan shi ne fari. Ruwa ya ja baya, dabbobi suka taru a abin da ya rage na kogin, suka cinye ganyen da ke kusa, suka yi ta mutuwa a gaɓa da cikin busasshen kogin. Da ruwa ya dawo ya kwashe gawawwaki da ƙasusuwa ya tara su ya rufe da yashi, kuma ba sau ɗaya hakan ya faru ba. Kalmar maƙabarta da ka yi amfani da ita ta yi kusa, sai dai dabbobin ba zuwa suka yi don su mutu a can ba, ƙishirwa ce ta tara su, ruwa ya binne su. Wani abin lura: lakar nan mai kumbura ita ta yi ta motsa harsashin rumfar har ya tsattsage, aka rufe ta a 2006, sai 2011 aka sake buɗewa bayan an yi mata sabon tushe.

Ba kowace ma'adana ce ke ba da labarinta da sauƙi haka ba. A Cleveland-Lloyd, ita ma a Yuta, an tono ƙasusuwa fiye da 12,000 na dabbobi aƙalla 74, kuma aƙalla 46 daga cikinsu Allosaurus ne, babban mai farautar wancan zamani. Wannan ya saɓa wa tsarin rayuwa, domin a ko'ina masu cin ganye sun ninka masu cin nama yawa. Wasu masana sun ce taɓo ne mai riƙe ƙafa, dabba ɗaya ta maƙale, masu farauta suka yi ta zuwa suna maƙalewa su ma. Wasu sun ce fari ne, wasu kuma sun ce kududdufi ne da ruwa ke kawo gawawwaki yana tarawa har ruwansa ya gurɓace. Dutsen wurin laka ce mai laushi ta tsayayyen ruwa, ƙasusuwan kuma a cakuɗe suke. Ni dai ban gamsu da maganar taɓo mai riƙe ƙafa ba, domin da haka ne da an riƙa samun ƙafafuwa a tsaye a haɗe cikin lakar, kuma ba haka ake samu ba. Muhawarar tana nan. Abin da ya kamata ka ɗauka daga nan shi ne yawan ƙashi a rami ba ƙidayar dabbobin da suka rayu ba ne. Manya sun fi tsira saboda ƙashinsu na jure wahala, kuma masu tono na farko su suke nema. Ƙananan dabbobi masu shayarwa da ƙadangaru da ƙananan dainoso sun fi abin da aka samu yawa ƙwarai, sai da aka fara tace ƙasa da rariya ana duba ta a tsanake sannan suka fara fitowa sosai.

Shaharar Morrison kuwa tana da nasaba da tarihin mutane. A 1877 aka gano manyan ƙasusuwa a wurare uku kusan lokaci guda. Arthur Lakes, malamin makaranta, ya same su kusa da garin Morrison. Oramel Lucas, shi ma malami, ya same su a Garden Park kusa da Cañon City. Ma'aikatan layin dogo biyu, William Reed da William Carlin, suka same su a Como Bluff da ke Wayomin. A lokacin akwai masana biyu da ba sa ga-maciji da juna, Othniel Charles Marsh na jami'ar Yale da Edward Drinker Cope na Philadelphia. Kowa ya ɗauki ma'aikata, kowa yana rige-rigen raɗa suna kafin ɗan'uwansa. Marsh ya raɗa Stegosaurus da Apatosaurus da Allosaurus a 1877, Diplodocus a 1878, Brontosaurus a 1879. Cope ya raɗa Camarasaurus a 1877, wanda shi ne aka fi samu a duk shimfiɗar. Gasar ta kai ga leƙen asiri da sayen ma'aikatan juna, har da farfasa ƙasusuwan da suka rage a rami don kada abokin hamayya ya samu. Sun bar wa ilimi dukiya mai yawa, sun kuma bar masa rikicin sunaye da aka shafe shekara ɗari ana warwarewa, saboda gaggawa ta sa ba a cika rubuta wane ƙashi ne ya fito daga ina ba.

Labarin Brontosaurus misali ne. A 1903 Elmer Riggs, wanda shi ya raɗa wa Brachiosaurus suna a shekarar, ya nuna cewa Brontosaurus da Apatosaurus sun yi kama da yawa har bai kamata a raba su ba, don haka sunan da ya riga zuwa shi ya tsaya. A 2015 wani dogon nazari na Emanuel Tschopp da abokan aikinsa ya ce bambancin ya isa a dawo da Brontosaurus, kuma ba kowa ya yarda ba. Maganar ƙoƙon kan Apatosaurus ta fi wannan koyarwa. Douglass ya sami wani siririn kai kusa da gangar jikin Apatosaurus a ma'adanarsa, shugaban gidan tarihin William Holland ya ga alamar nasa ne, amma ra'ayin manyan lokacin ya karkata ga kai mai faɗi irin na Camarasaurus. Holland ya bar gangar babu kai. Bayan rasuwarsa aka ɗora mata kan da ba nata ba, haka ta zauna har sai da John McIntosh da David Berman suka koma kan tsofaffin wasiƙu da bayanan ramin suka tabbatar da gaskiyar Holland, aka sauya kan a 1979. Inda kan yake kwance a cikin dutse shi ya raba gardamar.

Yanzu sai batun shekaru, wanda na san shi ya fi tsaya maka a rai, kuma shakkarka a kan hanya take. Mataki na farko tsoho ne, tun 1669 Nicolas Steno ya rubuta shi: a duwatsun da ruwa ya shimfiɗa, na ƙasa ya girmi na sama. Wannan yana faɗin wa ya riga wa, amma ba ya ba da lamba. Lambar daga tokar nan take fitowa. Ba ƙashin ake aunawa ba. Hanyar kabon da aka fi ji a labarai ba ta da amfani a nan, domin rabin kabon-14 na ƙarewa cikin shekara 5,730, bayan kimanin shekara 50,000 babu abin aunawa.

A cikin tokar dutse mai aman wuta akwai ƙananan ƙwayoyin wani ma'adini da ake kira zirkon, ba su kai ƙwayar yashi ba. Lokacin da zirkon ke daskarewa yana karɓar yuraniyom a jikinsa amma yana ƙin dalma. Yuraniyom kuwa a hankali yake rikiɗewa ya zama dalma, bisa saurin da aka auna a ɗakin gwaji, wanda zafi ko nauyin ƙasa ba sa canza shi. Don haka dalmar da aka samu a cikin ƙwayar bayan daskarewarta ta taru. A auna yuraniyom da ya rage, a auna dalmar da ta taru, lissafi ya ba da shekaru. Abin da ya sa na amince da wannan hanya shi ne yuraniyom iri biyu ne a ƙwaya ɗaya. Na 238 rabinsa na rikiɗewa cikin shekara biliyan 4.47, na 235 kuma cikin miliyan 704, kowanne da irin dalmar da yake haifarwa. Agogo biyu ke nan masu gudu daban. Idan ƙwayar ta taɓa zubar da dalma sai agogunan su saɓa wa juna, mai aunawa ya gane ya ajiye ta gefe. Akwai kuma hanya ta dabam da ke aiki da fotasiyom da iskar agon a cikin wani ma'adinin na tokar. An auna tokar Morrison da hanyoyin biyu, a ɗakunan gwaji daban-daban, amsa ta faɗo wuri ɗaya, kuma toka ta ƙasa kullum ta girmi ta sama kamar yadda Steno ya ce. Idan ƙashi na tsakanin toka biyu, shekarunsa na tsakanin nasu. Akwai tarko ɗaya da mai aikin ke kiyayewa: zirkon da aka tsinta a yashin kogi yana iya zama tsoho ne da ruwa ya wanko daga wani dutsen, shi ya sa ake neman tokar da ta sauko daga sama ta kwanta ba a dama ta ba. Kuskuren da ke cikin ma'auni mai kyau bai kai shekara miliyan ɗaya ba a cikin 150.

Wannan lamba tana gyara wani ruɗani da zane-zane suka jawo. Tyrannosaurus ba ya cikin Morrison ko kaɗan. Shi na shekara miliyan 68 zuwa 66 ne, daga wasu duwatsun kamar Hell Creek a Montana. Tazarar da ke tsakaninsa da Stegosaurus ta fi wadda ke tsakaninsa da mu.

Abin da ya fi burge ni a Morrison shi ne yadda manya masu dogon wuya iri-iri suka zauna ƙasa ɗaya mai fari: Diplodocus, Apatosaurus, Barosaurus, Camarasaurus, Brachiosaurus, da wasunsu. Haƙora sun ba da wani ɓangare na amsar. Na Diplodocus sirara ne a gaban baki, na zage ganye mai laushi. Na Camarasaurus masu faɗi ne da ƙarfi, na tsinke abu mai tauri. Brachiosaurus kuma ƙafafunsa na gaba sun fi na baya tsawo, yana kaiwa inda sauran ba sa kaiwa. An yanka haƙoran an ƙirga layukan girma da ke cikinsu, aka ga Diplodocus na sauya kowane haƙori cikin kwana 35, Camarasaurus kuma cikin kwana 62. Sai dai a haɗa da cewa shimfiɗar ta ɗauki shekara kusan miliyan bakwai tana taruwa, don haka ba duk sunayen da ke jerin ba ne suka yi zamani ɗaya. Sanin wane ƙashi ne daga wane hawa na dutse shi kaɗai ke rarrabe wannan.

Duwatsu masu shekaru irin nata suna nan a wasu nahiyoyin. A Tendaguru da ke kudancin Tanzaniya, Jamusawa tare da ɗaruruwan ma'aikata 'yan ƙasa sun yi tono daga 1909 zuwa 1913, suka fito da Giraffatitan, ɗan'uwan Brachiosaurus, da Kentrosaurus, ɗan'uwan Stegosaurus. A Lourinhã da ke Fotugal an sami Allosaurus da Torvosaurus da Ceratosaurus, sunayen da aka sani a Morrison, domin a lokacin tekun Atlantika ɗan siriri ne bai gama raba nahiyoyin ba.

Akwai abu ɗaya da ke damuna game da Morrison a yau. A dokar Amurka, burbushin dabbobi masu ƙashin baya da ke filin gwamnatin tarayya na jama'a ne, sai da izini ake tonowa, kuma dole a ajiye shi a inda masu bincike za su iya kaiwa gare shi. Dokar 2009 ta ƙara ƙarfafa wannan. Amma wanda ke filin mutum na mai filin ne, yana iya sayarwa. A Yulin 2024 an yi gwanjon wani Stegosaurus da aka tono a wani fili mai zaman kansa a arewa maso yammacin Kolorado, aka saye shi dala miliyan 44.6. Mai sayen ya ba da aronsa ga gidan tarihi a New York, kuma wannan abin yabawa ne, amma aro ana iya karɓe shi. Irin wannan farashi yana sa masu filaye su rufe ƙofa ga jami'o'in da ba su da abin biya. Akwai 'yan kasuwa masu tono da kula, akwai kuma waɗanda ƙashin kawai suke so. Tono na ƙwarai aiki ne mai cin lokaci: a ja igiyoyi a raba ramin gida-gida, a zana kowane ƙashi a inda yake da inda ya fuskanta kafin a taɓa shi, a ɗebi samfurin laka da toka sama da ƙasa, sannan a naɗe ƙashin tare da dutsensa cikin algarara da filasta a ɗaga. Idan aka tsallake wannan, gangar jikin za ta tsaya da kyau a zaure, amma ba mai iya cewa daga wane hawa ta fito, ko kan da ke wuyanta nata ne.